J Dilla ya ci ribar sana'arsa, ko sai bayan ransa aka san darajarsa?

Sadiku:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Da yawa daga cikinmu a nan muna koyon haɗa kiɗa, kuma in ka tambayi matashi wane furodusa, wato mai haɗa wa mawaƙa kiɗa, yake so ya gada, sau da yawa J Dilla zai kira maka. Ni ma ina ganin girman mutumin ƙwarai. Amma ina so mu ajiye daɗin kiɗansa gefe, mu dubi sana'arsa a matsayin hanyar cin abinci. Ya ci nasara kuwa?

Ga wanda bai san shi ba, sunansa James Yancey, an haife shi a Detroit ta Amurka ranar 7 ga Fabrairu 1974, ya rasu a Los Angeles ranar 10 ga Fabrairu 2006 yana da shekara 32. Daga 1995 zuwa rasuwarsa ya yi wa The Pharcyde da De La Soul da A Tribe Called Quest da Busta Rhymes da Common da Erykah Badu kiɗa. Duk da haka yawancin masu jin waƙoƙin nan a rediyo ba su taɓa jin sunansa ba yana raye. Babban kamfanin da ya ɗauke shi ya ƙi fitar da kundinsa. Ya bar duniya da bashin haraji da na asibiti a kansa. Ni a ganina ya yi zarra a fasaha, amma an ci da guminsa, kuma bai kamata mu riƙa nuna wa yara shi a matsayin abin koyi ba tare da faɗa musu wannan ɓangaren ba.

Hajara:
Wa alaikumus salam. Yaya Sadiku, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Bashin asibiti ba gazawar sana'a ba ne. Mutumin nan ya yi fama da wata cutar jini da ba kasafai ake samun ta ba, ga kuma lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa, a ƙasar da jinya ke cinye dukiyar mai hali ma. Ko da ya tara kuɗi, shekarun da ya yi yana shiga asibiti yana fita sun isa su kwashe su. A ƙarshen 2005 a kan keken guragu ya yi rangadin Turai. Wannan jarrabawa ce, ba sakaci ba.

Sadiku:
Gaskiyarki a kan ciwo, Allah Ya ba duk marasa lafiya sauƙi. Amma ɓoyuwar sunansa ta riga ciwon da shekaru.

Nasiru Faifai:
A nan ina bayan Sadiku, kuma bari in kawo tushen abin. Wanda ya koya wa Dilla aiki da MPC, na'urar haɗa kiɗa, maƙwabcinsu ne, Amp Fiddler, mai kaɗa wa George Clinton kibod. A 1994, lokacin rangadin bikin kiɗa na Lollapalooza, Fiddler ya haɗa shi da Q-Tip na A Tribe Called Quest. Q-Tip ya ji kaset ɗinsa ya ruɗe, ya jawo shi jiki. Har nan alheri ne zalla. Sai aka kafa ƙungiyar furodusoshi mai suna The Ummah, Q-Tip da Ali Shaheed Muhammad da Dilla, wanda a lokacin ake kira Jay Dee. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya yi kiɗa, sunan ƙungiya za a rubuta. To ka duba kundin Tribe na 1996 da na 1998, a wurin furodusa The Ummah za ka gani. Q-Tip da Ali duniya ta riga ta san su. Shi kuwa yaron Detroit ɗan shekara 22 wa ya san shi? Idan waƙa ta yi daɗi mutane su ce Q-Tip ya iya. Da magoya bayan Tribe suka ji sautin ƙungiyar ya canza, ba su so ba, nan kuma aka tuna da baƙon da ya shigo aka ɗora masa laifi. Yabo ya tafi wurin manya, zargi ya sauka a kan ƙarami.

A wannan sana'ar suna shi ne jari. Mawaƙi fuskarsa na kan bangon faifai. Furodusa ba shi da komai sai layin nan ɗaya da ake rubutawa da ƙananan haruffa. In aka ɗauke masa shi, da me zai nemi aiki na gaba, da me zai ɗaga farashinsa?

Malam Tanimu:
Nasiru, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba don Q-Tip ba, yaushe kaset ɗin yaro daga unguwar Conant Gardens zai isa hannun De La Soul da Busta Rhymes? Shi ya riƙa kunna wa mutane kiɗan a waya yana cewa ku saurari wannan yaron. The Pharcyde ma wurin Q-Tip suka je neman kiɗa, ya tura su wurin Jay Dee, kuma a kundinsu na 1995 sunansa aka rubuta ɓaro-ɓaro. Duk sana'ar duniya ana yin zaman almajirci, ka yi aiki ƙarƙashin inuwar maigida kafin ka tsaya da ƙafarka. Ni ban ga zalunci a nan ba. Na ga tsari ne da ya fi amfanar wanda ya riga ya yi suna, kuma Dilla da kansa ya gane haka ya fita daga ciki.

Sannan ku daina auna sanin mutum da masu sauraron rediyo. Kasuwar furodusa ba su ba ne. Kasuwarsa mawaƙa ne da 'yan uwansa masu haɗa kiɗa, kuma a cikinsu tun yana raye an sallama masa. Kaset ɗin kiɗansa hannu-hannu ake yawo da su daga situdiyo zuwa situdiyo. Pharrell, a lokacin da yake kan ganiyarsa, an tambaye shi a talabijin wane furodusa ya fi so, ya ce Jay Dee na Detroit.

Nasiru Faifai:
Ranka ya daɗe, ai wannan misalin nawa ne ba naka ba. 'Yan kallon da ke ɗakin ba su san wa yake nufi ba.

Ummi Sauti:
Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa, don ni abin da ya sa nake cikin zauren nan aikin hannu ne, kuma ina ganin ba za a fahimci sana'arsa ba sai an fahimci abin da ya yi wa lokaci a cikin kiɗa.

Na'urar MPC, wadda Roger Linn ya tsara wa kamfanin Akai, ta fara fita a 1988, MPC3000 da Dilla ya fi shahara da ita ta zo a 1994. Tana da tsarin da muke kira kwantayiz: ka buga ganga da yatsa, ko ka yi sauri ko ka makara, na'urar za ta ja bugun ta ajiye shi daidai kan layi. Tana kuma da suwin, wanda ke jinkirta kowane bugu na biyu don kiɗan ya riƙa rangaji. Kafin Dilla, kiɗa ɗayan biyu ne, ko miƙaƙƙe ko mai rangaji, duk gangunan suna bin doka ɗaya. Shi sai ya haɗa biyun a lokaci guda. Kugen sama yana tafiya a miƙe, kik, wato babbar ganga mai kauri, yana jan ƙafa a baya, siniya kuma, wato gangar nan mai tsawa, tana faɗowa kafin lokacinta da ɗan ƙiris. Kunne yana jin kamar kiɗan zai faɗi, amma ba ya faɗuwa, kuma abin yana maimaituwa daidai a kowane zagaye. Wannan maimaituwar ita ce shaidar cewa da gangan ne.

Shi ya sa nake baƙin ciki idan na ji ana koya wa sababbi cewa sirrin Dilla shi ne ka kashe kwantayiz ka buga yadda ka ga dama. Dan Charnas, da ya rubuta tarihinsa a 2022, ya nuna cewa ya riƙa amfani da na'urar ne yana matsar da kowane sauti gaba ko baya da lissafi. Wanda ya kashe kwantayiz kawai, kiɗan da ba shi da saiti zai samu.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki. An ƙera na'ura don ta kwaikwayi makaɗin ganga, sai ga makaɗan ganga na gaske suna zama suna koyon kwaikwayon na'urar Dilla. Questlove, makaɗin gangar The Roots, ya sha faɗin yadda ya sake koyon bugu saboda shi. Ku saurari kundin D'Angelo na 2000 da aka yi a situdiyon Electric Lady a New York, ku ji yadda gangar ke jan jiki. Yau masu kiɗan jaz irin su Robert Glasper sun mayar da wannan salon abin yau da kullum. Mutum nawa ne a tarihin kiɗa za a ce sun canza yadda ake ƙirga bugu?

Sadiku:
Ummi, bayaninki ya gamsar, amma kin ƙara min hujja ne. Kundin D'Angelo da kika ambata, kowa ya yarda ruhin Dilla na cikinsa, amma a jerin furodusoshinsa babu sunansa. Salo ba a yi masa rajista. Duniya ta ɗauki salon kyauta, iyalinsa ba su samu ko sisi daga wannan ba.

Baban Yusra:
Tunda an zo maganar kuɗi, bari in warware yadda furodusa ke samu a Amurka, don na lura ana cakuɗa su. Akwai kuɗin hannu da ake ba shi lokacin da aka karɓi kiɗan. Akwai kason ciniki, galibi tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wanda ba ya fara shigowa sai kamfani ya mayar da abin da ya kashe wurin ɗaukar aikin. Sai kuma haƙƙin mawallafi, don doka tana ɗaukar wanda ya tsara kiɗa a matsayin ɗaya daga cikin marubutan waƙar. Wannan na ukun shi ne mai daɗewa, shi ke ciyar da 'ya'ya da jikoki.

To ga inda masu salon Dilla ke shan wuya. Kiɗansa a kan tsakure aka gina shi, wato ya yanko daga tsohon faifai ya sassaƙa. Tun shari'ar da aka yi wa Biz Markie a New York a 1991, kan tsakuren da ya ɗauka daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, kamfanoni ba sa wasa da neman izini. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ƙara tsananta abin a shari'ar Bridgeport, ta ce ko ɗan guntun sauti ka ɗauka sai da lasisi. Kuma izini biyu ake nema, na mai faifan da na mai rubutun waƙar. Mai tsohuwar waƙa yana iya neman rabin haƙƙin mawallafi, yana iya neman duka, kuma yawanci daga kason furodusa ake fara yanka. Ka kwana uku kana sassaƙa daƙiƙa huɗu har mai ita ba zai gane ta ba, a ƙarshe shi ke karɓar kaso mafi tsoka.

Ku kwatanta da furodusa Dr. Dre. Tun farkon shekarun 1990 ya fi son ya kira makaɗa su sake buga abin da yake so da hannu, ta haka izini ɗaya kawai zai nema. Ya bar kamfanin Death Row a 1996 ya kafa Aftermath, ya ɗauki Eminem, daga baya 50 Cent. A 2014 Apple ya sayi Beats, kamfanin da Dre ke cikin masu shi, a kan dala biliyan 3. Dre ya gane da wuri cewa mai kamfani ke ci, ba mai na'ura ba.

Hajara:
Baba, da girmamawa, kuɗin Beats na sayar da abin sauraro na kunne ne, ba na haɗa kiɗa ba. In da wannan za a auna, to kusan duk furodusoshin duniya sun faɗi, har da DJ Premier da Pete Rock. Kuma aikin Dre daban ne. Shi jagoran situdiyo ne, yana da su Scott Storch a kibod, Mike Elizondo a bes, yana tsaye a kan mawaƙi har sai layi ya fita yadda yake so. Dilla mutum ne shi kaɗai a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa, da tarin faifai da na'ura ɗaya. Suna ɗaya ake kiran su da shi, amma sana'a biyu ce.

Baban Yusra:
'Yata, ban ce Dre ya fi shi iya kiɗa ba. Sadiku kan cin abinci ya yi tambaya, na amsa masa a kan cin abinci.

Malam Tanimu:
Akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo, kuma shi ne ya sa ban yarda da kalmar "an ci da guminsa" ɗungurungum ba. Sau da yawa shi ya zaɓi hanyarsa. A shekarar 2000 yana tsakiyar haske. Ya yi mafi yawan kundin Common na wannan shekarar, waƙar da ya yi wa Erykah Badu daga baya ta shiga takarar Grammy, kundin ƙungiyarsa ta Slum Village ya fito bayan jinkirin da haɗewar kamfanoni ta jawo masa. Wani a matsayinsa zai tare a New York ya riƙa buga irin wannan sautin mai taushi har kasuwa ta gaji. Shi kuwa ya zauna a Detroit. A 2001 ya fitar da kundinsa na farko a ƙaramin kamfanin BBE na Ingila, ya koma J Dilla don kada a riƙa rikita shi da Jermaine Dupri, wanda ake kira JD. Da ya ga mutane sun fara kwaikwayon salon, sai ya watsar da shi ya koma sauti mai kaushi. A 2003 ya yi kundi da furodusa Madlib a kamfanin Stones Throw, suna aika wa juna kiɗa tsakanin Detroit da Kalifoniya. Wannan ba halin wanda ke farautar kasuwa ba ne. Mutum ne da ba ya son maimaita kansa, kuma ya san abin da hakan zai ja masa.

Nasiru Faifai:
Malam, to kamfanin MCA fa? Ai ya nemi babbar kasuwa. Ya sa hannu da su, ya yi kundin da shi ke rerawa, ya ɗauko su Madlib da Pete Rock da Kanye West suka yi masa kiɗa. Kamfanin ya ajiye shi, a 2003 MCA ɗin ma ya narke cikin kamfanin Geffen. Sai 2016 kundin ya fito, shekara goma bayan rasuwarsa. Wannan ba zaɓinsa ba ne.

Malam Tanimu:
Ba zaɓinsa ba ne, haka ne. Amma ka lura da abin da ya kai musu. Sun ɗauki gwanin kiɗa, ya kawo musu kundin da yawancin kiɗan na wasu ne. Ina ganin dalilinsa, yana so a san shi da baki ba da yatsa kaɗai ba. Ina kuma ganin dalilin da ya sa kamfani ya yi sanyi.

Ɗan Audu:
Ni sabo ne a harkar nan, wata tambaya nake da ita. Gaskiya ne a gadon asibiti ya haɗa kundinsa Donuts? Shi ne labarin da ya sa na fara sauraron sa.

Ummi Sauti:
Ƙanena, abin da yake tabbas shi ne kundin ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, ranar da ya cika 32, ya rasu bayan kwana uku. Kiɗa 31 ne, yawancinsu ba su kai minti biyu ba, babu mai rerawa a kai. Ya yi aiki a asibiti, mahaifiyarsa Maureen Yancey tana jinyarsa, ana kawo masa kayan aiki. Amma binciken Charnas ya nuna asalin kundin a gida ya haɗa shi a kwamfuta, a matsayin gajeren faifan kiɗa, sannan mutanen Stones Throw suka taimaka aka tsawaita shi. Wannan bai rage masa komai ba a wurina. Mutumin da jikinsa ke ƙarewa ya zauna yana yanka muryoyin tsofaffin mawaƙan soul gunduwa-gunduwa yana sa su faɗi abin da ba su faɗa ba. Ka saurare shi don aikin, za ka fi amfana da sauraron sa don tausayi.

Sadiku:
Wannan ma wani ciwon ne. Labarin mutuwarsa ya fi kiɗansa tallata shi. Bayan 2006 riguna masu sunansa suka yaɗu, a 2009 aka tara makaɗa 60 a Los Angeles suka kaɗa ayyukansa, yau MPC ɗinsa da kibod ɗinsa na Moog suna gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian a Washington. A shekarun farko kuwa, lokacin da ake ta wannan yabon, gadonsa na cikin rikici da bashi, mahaifiyarsa da 'ya'yansa mata biyu ba sa ganin amfanin sunan.

Hajara:
Yaya, to me kake so a faɗa wa irin su Ɗan Audu? Su bar tsakure? Su bar aiki da manya?

Sadiku:
A'a. Su koyi kunnensa, amma kada su bar waƙa ta fita sai an rubuta wa ya yi me, da kason kowa, kowa ya sa hannu. Kuma sunansu na kansu ya fito, ko suna cikin ƙungiya.

Baban Yusra:
Furodusoshin yau sun magance matsalar suna ta hanyarsu. Shi ya sa kuke jin tambarin murya a farkon waƙa, irin na Metro Boomin ko DJ Mustard. Ba a iya goge shi daga bangon faifai tunda yana cikin sautin. Amma sabuwar matsala ta maye gurbin tsohuwa. YoungKio, matashi daga Holan, ya sa kiɗansa a kasuwar intanet, Lil Nas X ya saya a kan dala 30 a 2018. Waƙar da ya ɗora a kan kiɗan ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019. A cikin kiɗan kuma akwai tsakure daga ƙungiyar Nine Inch Nails da ba a nemi izininsa ba tun farko, sai daga baya aka daidaita, aka sa sunayensu cikin marubuta. Ɗan Audu, in za ka sayar da kiɗa a intanet, ka bambance haya da sayarwa ɗungurum, ka rubuta iyakar adadin sauraro da hayar ta ƙunsa, kada kuma ka saki haƙƙin mawallafinka a cikin kowace irin yarjejeniya.

Ɗan Audu:
Na gode Baba. In kiɗan nawa akwai tsakure a ciki fa, ni zan nemi izini ko mawaƙin?

Baban Yusra:
A al'ada kamfanin da zai fitar da waƙar ke nema, amma kai ne za ka bayyana musu a rubuce daga ina ka ɗauko, wace waƙa, daƙiƙa ta nawa zuwa ta nawa. Yawancin yarjejeniyoyi suna ɗora wa furodusa asarar idan ya ɓoye. Ka riƙa ajiye wannan bayanin tun ranar da ka yanki sautin, don bayan shekara biyu ba za ka tuna faifan ba.

Ummi Sauti:
Ɗan Audu, idan ka gama da takardun, turo mana kiɗan da kake aiki a kai, da gangunan a ware, in ji inda siniyarka ke sauka.